Kafin Ka Ce "Na Karɓa"

'Ya'yana masu shirin hawa teku, musamman ku da kuka gama aji a Oron ko a Nungua ta Ghana kuna jiran jirgin da zai ɗauke ku aikin koyo, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wani ɗan taƙi a aikin jirgin ruwa wanda bai wuce daƙiƙu kaɗan ba. Malami yakan ambace shi a aji ya wuce, littafi ma shafi guda yake ba shi, amma a duk aikin injin ban san inda ya fi shi bukatar natsuwa ba. Shi ne lokacin da ikon sarrafa injin yake barin hannun wani ya koma hannun wani: daga ɗakin tuƙi a sama zuwa ɗakin kula da injin a ƙasa, ko daga nan zuwa gindin injin, ko kuwa daga tsakiyar ɗakin tuƙi zuwa barandar dama ko ta hagu sa'ad da kyaftin yake son ya ga bakin tasha da idonsa.

Na san idon da yawanku yana kan sababbin jirage masu allon kwamfuta, irin injinan da aka fara ƙerawa a farkon shekarun 2000. Allah ya kai ku gare su. Sai dai ɗalibi ba ya zaɓen jirginsa na fari. Tankokin man da ke kai da kawowa tsakanin Legas da Lome da Tema, da jiragen ja da ke aiki a Apapa da Onne, da yawansu sun kwana biyu a duniya, kuma da iska ake yi wa injinansu magana. A kan irinsu akasarinku za ku fara sa hannu, don haka gara ku san halin iskar tun kuna tudu.

Babban injin na jirgin kaya, irin na MAN B&W ko Sulzer, ba shi da giya, ba shi da kuloci, jirgin kansa kuma ba shi da birki. Sandar injin a haɗe take da farfela kai tsaye. In ana son jirgi ya ja da baya, ko ana son a karya gudunsa, sai an kashe injin ɗungurungum, a juya tsarin feshin mai da na rabon iska, sannan a sake tayar da shi yana juyawa ta ɗaya ɓarin. Ba kuma batir ke tayar da shi ba. Iska ce da aka matse har bar 30 cikin manyan tankuna biyu ake sakar wa fistin, ta tunkuɗa su har mai ya kama. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka, sai ku auna. Daga wannan iska ake rage wata zuwa wajen bar 7, ita ce iskar umarni, ita ke bin siraran bututu tana buɗe wannan bawul tana rufe wancan, tana ce wa injin tashi, tsaya, gaba, baya.

A manyan jirage umarnin yakan taso daga sama ta wayar lantarki, in ya iso kusa da injin sai wasu bawul masu maganaɗisu su mai da shi iska. A ƙananan jirage, irin na ja da na fito, bututun iskar da kansa yake hawa har ɗakin tuƙi, kana tura liba kana jin huci a ƙarƙashin tebur. Su waɗannan suna da giya da kuloci. Turin farko yana aika iska ta kama kulocin gaba, in ka ƙara turawa matsin ya ƙaru, gwamnan injin ya ƙara mai.

Duk wanda ya taso kusa da inda tireloli ke kwana, ko Mararrabar Jos ko Tafa, ya riga ya san rabin wannan karatu. Ya ga direba ya tayar da mota da asuba ya zauna jira, ba ya motsawa sai allurar geji ta hau. Ya ga yaron mota ya sunkuya ya buɗe ƙasan tanki, ruwa ya feso gauraye da baƙin mai. Dangi ɗaya ne. George Westinghouse ya fito da birkin iska domin jirgin ƙasa a 1869, kuma sunan kamfaninsa, WABCO, za ku gan shi a jikin bawul ɗin tirela, za ku gan shi a jikin bawul ɗin jiragen ja da dama. Inda suka sha bamban, direban tirela shi kaɗai ne a kujerarsa. A jirgi kujerun sukan kai uku ko biyar, injin kuwa ɗaya ne.

Iska tana da nawa. Tana matsuwa, saboda haka in ka tura liba sai ta fara cika bututun tun daga inda kake har ƙarshensa kafin bawul ɗin can ya ji. Ga kuma jinkirin da maƙera suka sa da gangan: a jirgin ja, in ka ɗauko liba daga gaba ka kai ta baya, tsarin zai saki kulocin gaba, ya dakata sanda ta rage juyi, sannan ya kama na baya, don kada giya ta tarwatse. Yaron da bai san wannan ba, da ya karɓi iko ya tura liba bai ji komai nan take ba, sai zuciyarsa ta raya masa cewa ikon bai zo ba, ya ƙara turawa har ƙarshe. Can sai iskar ta isa, injin ya amsa duka umarnin a lokaci guda, jirgi ya zabura. Ku koyi tsawon numfashin jirginku. Ku tsaya bayan na gaba da ku sa'ad da yake aiki, ku ƙirga a zuci daga motsin hannunsa zuwa motsin allura, har adadin ya zauna muku a jiki.

Iska kuma tana ɗauke da ruwa, balle iskar gaɓarmu ta Gini da kullum a jiƙe take. Kwamfaresa in ya matse ta, ruwan sai ya sauka, ya gauraya da ɗan man da ke tsallakowa daga kwamfaresan, ya zama wani kauri mai danƙo. In na'urar busar da iska ta gaza, ko aka yi sakaci da tsiyaye tankuna, wannan danƙo yana tafiya har cikin bawul, ya haɗu da tsatsa, zoben roba ya bushe ya ƙage. To, wane bawul ne zai fara maƙalewa? Wanda ya fi daɗewa bai motsa ba. Jirgi yakan yi mako biyu ko uku a tsakiyar teku injin yana juyawa gaba kawai, iko yana wuri ɗaya. Bawul ɗin baya da bawul ɗin sauya mazauni suna nan zaune ba wanda ya taɓa su. Ranar da aka iso bakin tasha, ranar da aka fi bukatarsu, ranar ce karon farko da za a nemi su motsa. Shi ya sa tsiyaye ruwan tanki, aikin da ake ba ɗalibi don ana ganin ƙarami ne, nake ɗaukarsa cikin manyan ayyukan jirgi. In an ba ka shi, ka yi shi da zuciya ɗaya, ka kuma duba abin da ya fito. In ka ga ruwan ya fi na jiya yawa, ko mai ya yi yawa a ciki, ka gaya wa injiniya na biyu.

Hali na uku shi ya fi ba ni tsoro: iska in an rufe ta a bututu tana nan da ƙarfinta. A inda bututu biyu daga mazaunai biyu suke haɗuwa akwai wani ɗan bawul mai baki uku, cikinsa ɗan ƙwallo ne ko ɗan fistin da ke gudu tsakanin ƙofofi biyu. Duk ɓarin da matsinsa ya fi ƙarfi shi ke ture ƙwallon ya toshe ɗayan, iskarsa ta wuce zuwa injin. Wannan ɗan ƙwallo bai san kyaftin ba, bai san cif injiniya ba, matsi kawai ya sani. Ƙa'idar ita ce da zarar an sauya iko, mazaunin da aka bari ya fitar da iskarsa waje, hucin nan da kuke ji ke nan. In ƙofar fitarwar ta toshe, ko bawul ɗin sauyawa ya tsaya rabi da rabi, tsohon umarni yana nan kwance a bututu. Kai kana baranda ka ja liba zuwa tsakiya, amma mazaunin da ka baro yana ci gaba da cewa gaba, kuma shi injin yake ji. Saboda haka ku sa kunne. Ranar da aka sauya iko ba ku ji hucin da kuka saba ji ba, ku ɗauka da sauran magana.

Hukumar kula da sufurin teku ta duniya ba ta bar wannan batu ga son ran kowa ba. Yarjejeniyar SOLAS ta 1974, a babin da ya shafi injina, ta shimfiɗa sharuɗɗa, kuma duk wanda ya yi aikin injin zai gane cewa waɗanda suka rubuta su sun ga abu da idonsu. Ta ce daga wuri ɗaya kaɗai za a iya sarrafa injin a lokaci guda. Ta ce a kowane mazauni a sa alamar da ke nuna inda iko yake. Ta ce tsarin ya kasance da abin da zai hana ƙarfin turin farfela canzawa sosai yayin sauyawa, kuma ko duk tsarin sarrafawa daga nesa ya lalace, dole a iya tafiyar da injin daga gindinsa. Akwai kuma sharaɗin da nake son ku masu aikin ƙasa ku riƙe da kyau: sauya iko tsakanin ɗakin tuƙi da sashen injin, daga sashen injin kaɗai ake yinsa. Makullin a hannunku yake. A yawancin jirage ɗakin kula da injin yana iya karɓe iko daga sama ko na sama bai miƙa ba, gindin injin kuma yana iya karɓewa daga hannun kowa. An yi haka ne domin na kusa da injin shi ya fi saurin ganin ciwonsa. Amma ku tuna, na kusa da injin ba ya ganin waje. Kuna ƙarƙashin ruwa, babu taga. Duk sa'ad da kuka karɓe iko, kun ɗauke shi ne daga hannun mai ido kun ba wanda ba ya gani. Wannan amana ce mai nauyi, ba a taɓa ta babu sanarwa sai in injin zai hallaka mutum.

Yadda ake yi kuwa ba wuya. Ka ɗaga waya tukuna, ka faɗi abin da za ka yi da dalili, ka ji amsa. Sannan ka dubi inda libar mai iko take, ka kai taka daidai wurin, gaba in gaba ce, da adadin juyi iri ɗaya. Wannan daidaitawa ita ce gishirin aikin. A ce sama tana kan rabin gudu gaba, taka kuwa tana kan tsayawa tun jiya ba wanda ya taɓa ta. Kana murɗa makulli injin zai ɗauki umarninka ya mutu, a tsakiyar mashigi, jagoran tasha yana tsaye yana jiran jirgi ya juya. Jirgi kuwa in ruwan farfela ya daina bugun matuƙinsa, juyawa takan yi masa wuya. Na'urorin zamani sukan ƙi sauyawa sai an daidaita, amma a tsofaffin jirage wani lokaci ƙararrawa ce kawai za ta yi kuka, aikin ya riga ya auku. Kada ka jingina da kariyar da ba ka gwada ba. Bayan ka daidaita sai ka murɗa, fitila ta fara ƙyaftawa sama da ƙasa, ƙararrawa ta yi ta ƙara har ɗaya ɓangaren ya danna amincewa. A ƙananan jirage masu kuloci, abin da ya fi lafiya shi ne a kai libobin duka tsakiya kafin a sauya.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Fitila ta tsaya cak, ta nuna iko yana wurinka. Me fitilar ta sani? A jirage da yawa abin da ta sani kawai shi ne an murɗa makulli, ko kuma matsi ya iso wani wuri a bututu. Ba ta shiga cikin bawul ta ga ko sandarsa ta kai ƙarshen tafiyarta ba. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce injin da kansa. Ka dubi gejin iskar umarni ka ga yana inda ya saba. Ka ɗan taɓa liba, ka ƙara juyi biyu ko uku, ka zuba wa agogon juyi ido har allura ta bi hannunka, ka mayar ta dawo. Sa'an nan ne za ka ɗaga waya ka ce ka karɓa. Wanda ya miƙa kuma kada ya juya baya ya tafi shan shayi. Ya tsaya a wurinsa har ya ji wannan kalma. In injin a tsaye yake a tasha kafin tashi, gwajin shi ne a ɗan tayar da shi gaba, a tsayar, a ɗan tayar baya, bayan an tabbatar an cire giyar juya injin, igiyoyi sun ɗauru, an janye tsani, babu kwalekwale kusa da farfela. Dokar Amurka ta wajabta wa manyan jirage gwada gaba da baya cikin awa 12 kafin su shiga ruwanta ko su tashi. Ko ba a Amurka kuke ba, ku riƙi wannan al'ada, kuma a gwada daga mazaunin da za a yi aikin da shi.

Ku tuna kuma iskar tayarwa ƙirgaggiya ce. Ƙa'idar masu tantance jirage ita ce tankunan su isa tayar da injin mai juyawa gaba da baya sau 12 a jere ba tare da an ƙara musu ba. Duk tayarwar da ta ƙi kamawa, iska ce ta tafi. Tsarin ɗakin tuƙi yakan gwada da kansa, galibi sau uku, sannan ya tsaya ya buga ƙararrawa. In aka kai nan, sake danna abu ɗaya ba dabara ba ce. Lokacin miƙa wa na ƙasa ya yi, tun da sauran iska a tanki.

Sai batun lokaci da fili. A safiyar 9 ga Janairu 2013 wani jirgin fito mai suna Seastreak Wall Street, ɗauke da mutum sama da 300 masu zuwa aiki, ya doshi tasharsa a ƙasan Manhattan ta birnin New York. Tun a hanya kyaftin ya ji wata jijjiga, ya mai da tsarin sarrafa farfela kan na ko-ta-kwana, bai mayar da shi ba. Da ya kusato tasha ya sauya iko zuwa mazaunin dama kamar yadda ya saba, ya ja liba, jirgi bai amsa ba. Ya daki dandamali da gudun da ya kai kilomita 22 a awa, mutum wajen 80 suka ji rauni. Masu bincike sun ce bai san tsarin yana kan ko-ta-kwana ba, sun kuma ƙara da cewa yadda ya saba sauya mazauni dab da tasha bai bar masa lokaci ko tazarar da zai gyara ba. Tsarin jirgin nan na lantarki ne, amma darasin ya fi shafar mu masu iska, tunda tamu ta fi nawa. A sauya iko tun ana sarari, inda in abu ya ƙi za a iya zagayawa, ko a saki anka, ko a sauka gindin injin a tsanake. Duk sauyin da aka bari sai an ga fuskokin masu kama igiya, an makara da shi.

Wani lokaci kuma ƙarfe lafiyarsa lau, baki ne ya gaza. Ranar 14 ga Disamba 1996 jirgin Bright Field, maƙare da masara, yana gangarowa kogin Mississippi ta tsakiyar New Orleans, sai matsin man shafawa ya faɗi, injin ya yanke. Daga sama aka kira ƙasa ana neman a dawo da gudu, amma ba a gaya wa injiniyoyi cewa jirgi ya karkata ya doshi gaɓa mai cike da jama'a ba. Su kuwa suka ɗauki abin kamar sauran ranaku, aka mai da iko ɗakin kula da injin bisa al'ada. Jirgin ya afka cikin rukunin kantunan Riverwalk, mutum sama da 60 suka jikkata. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Jimla guda ce ta ɓace tsakanin sama da ƙasa. In wata rana kai ne a sama, ka gaya wa na ƙasa abin da idonka ke gani. In kai ne a ƙasa aka kira ka babu bayani, ka tambaya: ina muke, minti nawa gare mu?

A nan sai na yi magana da ku a matsayin 'ya'yan gida. An tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici. Yaro ba ya maimaita maganar babba a gabansa, ba ya ce masa ban ji ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce to. Tarbiyya ce mai kyau, ina kuma fatan ku tafi da ita duk inda kuka je. Amma a kan wayar jirgi, ladabi shi ne ka maimaita umarnin da aka ba ka kalma da kalma, da murya mai ƙarfi, don mai bayarwa ya ji abin da ya shiga kunnenka. Za ku yi aiki da 'yan Filifin da 'yan Indiya da 'yan Yukiren, kowa da irin Turancinsa, ga rurin injin a kunne. Ba wanda zai raina ka don ka ce a sake faɗa. Matambayi ba ya ɓata. In kuma ka ga cif injiniya da furfurarsa zai murɗa makulli alhali libarsa ba ta daidaita ba, ka buɗe baki ka ce, "Cif, liba." Zai gode maka, ko a lokacin ko bayan an ɗaure jirgi.

In kuwa ka ja liba ba ta amsa ba, tambayar farko ita ce ina iko yake. A asubahin 21 ga Agusta 2017, kusa da mashigin Singafo, kwamandan jirgin John S. McCain, jirgin yaƙin Amurka, ya ba da umarni a raba aiki: mutum ɗaya ya riƙe tuƙi, wani ya riƙe gudu a mazaunin da ke gefensa. Garin sauyawa, tuƙin ma ya koma wancan mazauni ba wanda ya lura. Matuƙi ya yi shelar tuƙi ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau, yana kujerar kusa da shi. Aka ce a rage gudu, sai farfelar hagu kaɗai ta ragu, ta dama tana nan da ƙarfinta, jirgi ya karkata hagu ya shiga gaban tankar mai Alnic MC. Sojojin ruwa 10 suka rasu, yawancinsu samari sa'anninku. Daga baya rundunar ta yanke shawarar mayar da libobin hannu a irin waɗannan jirage maimakon allon taɓawa. Na kawo wannan ne don ku ga cewa ko jirgin da ya fi kowane tsada, in mutanen cikinsa ba su san wanda ke riƙe da shi ba, ya zama marar matuƙi. Kafin kowa ya fara murɗe-murɗe, a ɗaga kai a karanta alamar, mutum ɗaya ya faɗa da ƙarfi, kowa ya ji.

Saura gindin injin, mazaunin ƙarshe, wanda ake zuwa in komai ya ƙi. Wuri ne mai zafi da ƙara, ga telegiraf a gefenka, ga wayar da ba ta bukatar lantarki, muryarka ce ke tafiyar da ita. A injinan MAN B&W na tsarin MC, karɓar iko a nan yana nufin ka raba gwamna da sandar famfunan mai, ka haɗa sandar da ɗan sitiyarin hannu. Nan ma daidaitawa ce gaba da komai: a rage wa injin nauyi, ka murɗa sitiyarin har ya zo daidai inda sandar mai take a lokacin, ka tabbata bawul ɗin gaba da baya yana fuskantar inda injin ke juyawa, sannan ka haɗa, ka juya bawul ɗin sauyawa. Kowane jirgi yana da matakansa a rubuce a liƙe a wurin. Ka karanta su ranar da ba ka bukatarsu.

Abin da ɗalibai ba sa ganewa sai sun tsaya a wurin shi ne yawan aikin da tsarin yake yi musu a ɓoye. Akwai wani tsakanin juyi da aka hana injin daɗewa a cikinsa, domin a nan sanda take karkarwar da za ta iya tsaga ta. Daga sama tsarin yakan tsallake shi da kansa. A gindin injin kai za ka tuna, ka wuce shi da sauri. Daga sama tsarin yana ƙara gudu sannu a hankali don ƙarfe ya ɗumama daidai. A nan hannunka ne zai yi haƙurin. In teku ta tashi, gindin jirgi ya ɗaga farfela ta leƙo waje, injin zai zabura domin nauyi ya sauka daga kansa, kuma gwamnan da zai rage mai ka riga ka cire shi. Kai ne za ka ji ɗagawar a ƙafafunka ka rage, ka ji saukar ka mayar. Telegiraf in ya buga, ka amsa da naka hannun tukuna don na sama ya san ka gani, sannan ka aikata. Ba a koyon wannan da karatu. Ka roƙi injiniya na biyu, cikin ladabi, ya bar ka ka riƙe sitiyarin ranar atisaye yana tsaye a bayanka. Makonka na farko a jirgi kuma ka nemi zanen bututun iska, ka bi shi da yatsa a takarda, sannan ka bi shi da ƙafa, bawul bayan bawul, har ka san wanne ke huci in an ce gaba, wanne in an ce baya.

Mayar da iko ma aiki ne cikakke, kuma a nan ake yawan sakin jiki, tunda hankali ya kwanta, kowa ya gaji yana son ya hau sama ya sha iska. Sai a bar wani hannu bai koma mazauninsa ba, ko a mayar da bawul ɗin sauyawa amma gwamna bai kama sandar sosai ba, ba wanda zai sani sai an zo shiga tasha ta gaba. Ka bi matakan nan da baya ɗaya bayan ɗaya, na ɗakin kula da injin ya daidaita libarsa da juyin da kake kai, ka haɗa gwamna, ka juya bawul, ka ji hucin. Sannan ka tsaya nan, waya a kunne, hannunka kusa da sitiyari, har ya ƙara juyi ya rage ka ga sandar mai ta bi shi da idonka. In za a wuce da ikon zuwa ɗakin tuƙi, ka jira su ma su gwada. Bayan haka a rubuta lokacin a littafin injin, da sunan wanda ya miƙa da wanda ya karɓa.